Ciwon Barsu, da Abin da Tanimu Ya Yi wa Babana

Na san akwai waɗanda da sun ji an ce jinyar kare za su kau da kai. Ni ma da haka nake, har na haifi 'ya'ya uku ban taɓa ɗora hannuna a jikin kare ba. Amma na yi jinyar wani har ya mutu a gabana, na kuma ga yadda ciwon dabba yake kayar da mai ita. Shi ya sa nake ba da wannan labari, don duk wanda ya ga ƙulli a jikin dabbarsa ya yi sauri, ya kuma lura da wanda yake ba shi shawara.

Sunana Rakiya. A Sudan aka haife ni, iyayena suna kan hanyar hajji a ƙasa, aka tsallako da ni teku ina goye. A Jidda na yi wayo, a nan na yi aure, a nan mijina ya rasu ya bar ni da yara a ɗaki ɗaya a unguwar Bani Malik. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun nan da gini ya tashi, lokacin da jiragen ruwa suke jere a teku suna jiran a sauke su, siminti kuwa ya zama abin nema kamar magani. Ina dafa shinkafa da wake ina kai wa leburori Khumra kullum da hantsi. Khumra a wancan lokaci yashi ce da sito-siton kwano, babu inuwa sai ta bango. Wani Bayamane, Ammi Salim, shi yake ɗaukar ni da tukwanena a bayan wanet ɗinsa, wato motar a-kori-kura.

A can babana, Malam Idi, yake gadin siton siminti da katako na wani attajiri Balarabe, wanda kuma shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa yake zaune a ƙasar. Baba ya tsinci ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin katako, ya yi ta ba shi gutsuren tamis, burodin can, jiƙe da shayi har ya girma ya zama ƙaton kare ja mai farin ƙirji. Danginmu suka yi ta surutu, wai dattijo mai gemu yana zama da najasa. Baba bai taɓa amsa musu ba, sai dai ya raɗa wa karen suna Barsu.

Abin da kafili bai sani ba shi ne yanar ido ta rufe wa Baba gani. Ya kai ga ba ya gane mutum sai ya yi magana. Barsu ne yake yin gadin. In mota ta doso, yana da haushin da yake yi wa ta gida da wanda yake yi wa baƙuwa, Baba kuma ya san bambancinsu. In za su zagaya sito, karen yana tafiya yana gogar ƙafarsa. Ko allura ba ta taɓa ɓata a wurin ba. Mu uku muka san zancen idon nan: ni, da Baba, da Tanimu.

Tanimu ɗan wani aminin Baba ne na Sudan. Ya zo hajji ya maƙale ba takarda, Baba ya ba shi rabin tabarmarsa, ya yi ta bin kafili da roƙo har ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, ya sa shi cikin masu dakon siminti. Ni na dafa abincin aurensa. In yana magana da Baba har ƙasa yake durƙusawa.

Baba ne ya fara jin abin da hannunsa. Wata rana na kai masa abinci ya ce, "Uwata, zo ki duba mini nan." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na leƙa daga nesa. Wani ƙulli ne a gefen haƙarƙarin Barsu, bai wuce dabino ba, yana motsi a ƙarƙashin fata. Karen yana ci, yana gudu, ko a jikinsa. Na ce wataƙila ƙaya ce ta soke shi. Baba ya ce shi dai bai so yadda abin yake da tauri ba, kuma ya ji direbobi suna cewa akwai likitan dabbobi a wajen da ake duba tumakin da aka sauke daga jirgi.

Tanimu yana zaune yana cin shinkafata. Ya ajiye kwano ya ce kada Baba ya kuskura. Wai likitocin nan da sun ga kare mai ciwo allurar mutuwa suke yi masa, sannan su rubuta sunan mai shi, a zo a rufe sito, kafili ya ji. Ya ce shi ya ga irin wannan ƙulli a jikin raƙuma ba sau ɗaya ba, ƙarfe kawai ake sakawa a wuta a ɗana masa, ya motse. Ya ce a bar masa. Baba yana jin an ambaci kafili ya janye zancen likita.

Makonni suka wuce Tanimu yana cewa ƙullin bai nuna ba tukuna, a jira. Ƙullin ya tashi daga dabino ya koma kamar ƙwan kaza, ya daina motsi, ya manne da ƙashi. Sannan ne Tanimu ya ce lokaci ya yi. Ban je ranar da wuri ba. Da na sauka daga wanet na tarar an gama. Ya sa leburori biyu sun danne karen da buhu, ya ƙona wajen da rodi har wuri uku. Ƙaurin naman yana nan bai tafi ba. Barsu ya shige can ƙarƙashin katako yana wani irin kuka siriri, Baba kuwa yana zaune a ƙasa ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ban taɓa ganin babana a haka ba, ko ranar da mahaifiyarmu ta rasu.

Makon da ya biyo baya ƙunar ta rube. Wanda ya san zafin Jidda, da wannan danshi da yake manne wa mutum a jiki, ya san abin da yake yi wa gyambo. Ƙullin bai motse ba, sai ma ya fashe ya buɗe baki kamar rumman. Ƙudaje suka samu wurin zama. Baba ba ya gani balle ya wanke, sai ya riƙa lalube da tsumma yana ƙara fama masa. Ranar da na ga tsutsa tana motsi a ciki, na ajiye ludayi, na naɗe hannun riga. Barsu ya dube ni, na dube shi. Bai yi gurnani ba. Na wanke masa da ruwan gishiri ina kau da fuska, na fita bayan sito na yi amai, na wanke hannuna da ƙasa da ruwa, na dawo na ƙarasa.

Daga nan shawarwari suka fara zuwa. Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyata, ta ce zuma da habbatussauda. Na shafa, tururuwa suka taru. Wani ya ce toka, wani ya ce baƙin man mota. Mijin Inna ya ce mu kai shi bayan duwatsu mu sake shi, ai kare ne, kuma abin kunya ne a ji 'yar Malam Idi tana wanke gyambon kare da hannun da take dafa abincin sayarwa. Wannan maganar ta bazu, na rasa masu sayen abinci da dama. Sai daga baya na san bakin da ya yaɗa ta. Limamin wani ƙaramin masallaci a Khumra, Allah ya ji ƙansa, shi kaɗai ya ce wa Baba karen gadi halal ne, kuma wanda ya tausaya wa dabba ba zai rasa lada ba.

Na ce wa Baba ko za a rufe sito sai mun je wurin likita. Babu mai tasi da ya yarda ya ɗauke mu. Ammi Salim ne ya shimfiɗa kwali a bayan wanet, ya ce, "Yalla, ku sa shi," kuma bai karɓi komai ba. Muka tarar da layin masu tumaki da awaki tun daga bakin ƙofa. Muna zuwa layin ya dare, kowa yana toshe hanci da gefen rawani. Wani dillali ya ce mu koma ƙarshe, in an gama da dabbobin kirki a dube mu. Muka zauna a rana tun hantsi har aka kira la'asar, na yi wa Barsu inuwa da mayafina. Duk wanda ya zo bayanmu sai ya wuce gabanmu.

Likitan Basudane ne, dogo, ya gaji. Da na gaishe shi da Larabcin Sudan sai ya ɗago ya dube ni, ya ce mu shigo. Bai rubuta sunan kowa ba, bai ambaci rufe sito ba. Ya durƙusa ya buɗe tsumman, ya daɗe yana kallo, ya lalubi hammatar karen da wuyansa, ya saurari numfashinsa.

"Wa ya sa masa wuta?" in ji shi.

Baba ya ce ɗansa ne.

Likita ya ce, "Waram khabis." Kalmomin nan biyu har yau suna kunnena. Ya ce shi ne abin da muke kira ciwon daji, yana kama kare kamar yadda yake kama mutum, kuma ba ya yaɗuwa daga dabba zuwa mai ita. Ya tambayi yadda ƙullin yake a farko. Da na ce kamar dabino, yana motsi, sai ya girgiza kai ya ce da a lokacin muka zo da ya yanke shi ya ɗinke, wataƙila karen ya ƙara shekaru. Yanzu ya shiga hammata, ya shiga ƙirji. Abin da ya rage shi ne a rage masa azaba. Ya ba mu ƙwayoyi, da wani shuɗin magani na shafawa, da bandeji, ya nuna mini yadda zan ciro tsutsa da hantsaki. Ya ce duk ranar da muka ga ya daina shan ruwa mu aiko masa, akwai allurar da za ta sa ya yi barci ba tashi. Baba ya ce shi ba zai ɗauki ran da bai ba da ba. Likita bai ja da shi ba.

A hanyar komowa Baba ya tayar da zancen ƙunar. Ya ce Tanimu bai sani ba ne, da kyakkyawar niyya ya yi. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Makonnin da suka biyo, rayuwata ta koma tsakanin tukunya da gyambo. In na sallami leburori sai in wanke, in shafa shuɗi, in ɗaure. Bandeji ya ƙare, maƙwabciyata Hajiya Zainabu ta yayyaga mini tsofaffin zannuwan gadonta ba tare da ta tambaye ni me zan yi da su ba, alhali ta sani. Ƙwayoyin nan da kuɗin romon ƙafar rago sun ci 'yan kunnena na aure. Barsu ya daina cin tamis, sai romo. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Amma in ya ji Baba ya miƙe zai zagaya, sai ya yunƙura ya bi shi yana tangaɗi. Daga baya ya kasa tashi. Haushin ma ya koma tari.

Wata rana da la'asar ina bayan sito ina wanke tsummoki, na ji shiru ya yi yawa. Na zagayo. Kafili ne tsaye da farar rigarsa, Tanimu a gefensa. Sun bar mota can nesa sun tako a ƙasa. Suna tsaye gaban Baba, tazarar da in ka miƙa sanda za ka taɓa shi. Baba yana zaune a kan benci yana jan carbi, fuskarsa tana kallonsu sosai, bai san da kowa ba. Barsu yana kwance yana buɗe baki, murya ta ƙi fita. Tanimu ya ɗaga hannu ya kaɗa a gaban idon Baba a hankali, sannan ya juya ya dubi kafili.

Kafili ya yi gyaran murya. Baba ya zabura ya miƙe yana cewa marhaba, ya miƙa hannu wajen da babu kowa.

Ba zan yi wa kafili ƙarya ba, bai zagi Baba ba. Ya ce shekara nawa yana barin dukiyarsa a hannun makaho bai sani ba. Ya ce zai bar masa iƙamarsa saboda tsufa da daɗewa, amma gadi kam halas, ya ƙare, kuma a fitar da karen nan kafin magariba. Baba ya tambaya wa zai riƙe makullin. Aka ce Tanimu. Baba ya ciro su daga aljihu, ya miƙa, ya ce Allah ya sa albarka.

Washegari ɗaya daga cikin leburorin da suka danne Barsu ya same ni ina zuba abinci. Ya ce abin yana damunsa. Tun ranar ƙunar nan, Tanimu ya gaya musu yana dariya cewa bayansa ya gaji da siminti, kuma in kare ya tafi tsoho ma ya tafi. Ya ce Tanimu ya san likitan nan sarai, ya taɓa raka wani da rago wurinsa. Tanimun ne kuma ya bi sito-sito yana cewa a daina cin abincin Rakiya. Na ci gaba da zuba shinkafa. Amma a wurin nan na ƙudura abin da na ƙudura.

Tun ranar korar na kawo Baba da Barsu Bani Malik. Mai gidan da nake haya ya ce kare ba zai kwana a gidansa ba, Hajiya Zainabu ta shiga tsakani har ya yarda mu ajiye shi a kan soro. Na kafa masa rumfar buhu. Baba ya tare can sama, ya ƙi saukowa sai salla. Yana zaune hannunsa a kan kan karen, yana yi masa hira da Hausar ƙauyensu wadda ko mu ba ya yi wa. Anan na gane jinyar mutum biyu nake yi. In Barsu bai sha romo ba, Baba ma ba ya cin abinci. Sai na koyi yi masa ƙarya, in ce ya sha kaɗan, don ya yarda ya sa loma a baki.

Ƙarshe ya zo da wuya. Numfashin ya koma kamar ana zarto, ya daina shan ruwa, yana kuka ko ba a taɓa shi ba. Baba ya saurara har ya kasa. Wata safiya ya ce, "Uwata, aika a kira Basudanen nan." Likita ya zo da kansa bayan ya tashi aiki, ya hau soron da jakarsa. Baba ya riƙe kan Barsu a cinyarsa, karon farko da na ga ya bar shi ya taɓa masa tufa. Kafin likita ya zare allura numfashin ya kwanta. Ammi Salim ya kai mu bayan gari, ya haƙa ramin da kansa. Allah ya saka wa mutanen nan biyu, ban san inda suke ba yanzu.

Baba bai ƙara komawa daidai ba. Ya daina fita ko masallaci sai an ja shi. Wani lokaci in ya miƙe sai ya tsaya yana jira, kamar wani abu zai gogi ƙafarsa.

Ni kuwa na ci gaba da zuwa Khumra. Ina ganin Tanimu a kan bencin babana da makullai a ƙugu, in gaishe shi, in tambayi matarsa Asabe da yara, in ƙara masa nama a kwano. Ya saki jiki da ni ƙwarai. Direbobi suna hira a gaban mai abinci kamar ba mutum ba ce, ni kuma ina sauraro. Sai da aka kusa zagayowar shekara na tabbatar da abin da nake nema. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da rana take korar kowa cikin ɗaki, wani mai amalanke yana zuwa ƙofar baya, Tanimu yana loda masa siminti. Sai da na laɓe na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Na je gidan kafili a Aziziyya, na bi ta wajen matarsa. Da aka kai ni gabansa na ce ba na son ya yarda da maganata, ya zo kawai ya gani, amma ya bar motarsa nesa ya tako a ƙasa. Ya dube ni, ya gane abin da nake nufi.

Muka tsaya bayan tarin katako, ni da shi da ɗansa babba. Tanimu ya fito da buhu a kafaɗa, ya ɗora, ya koma, ya sake fitowa. Muka matso har muna jin nishinsa. Bai waiwayo ba, yana ta tsokanar mai amalanke.

Na ce, "Tanimu, ga baƙi. Kai da idonka lafiya lau, ba ka gan mu ba?"

Buhun ya suɓuce ya fashe a ƙafarsa, siminti ya tashi ya rufe masa fuska fari fat. Ya durƙusa, irin durƙuson da yake yi wa Baba, yana kiran kafili ammi, wato baffa, yana kirana yaya. Ban matsa ba, na tsaya har aka kwance makullan daga ƙugunsa.

Kafili bai kai shi gaban hukuma ba, ya dai janye kafalarsa, aka ba shi wa'adin barin ƙasa. Asabe ta zo ɗakina da goyo da wani a hannu, ta kama ƙafata tana kuka, ta ce in je in roƙi kafili, zai ji maganata. Ita ba ta yi mini komai ba, na sani. Na ɗaga ta, na ba yaran abinci, na haɗa mata ƙunshin tufafi na hanya. Na ce roƙo kam ba zan je ba. Inna Hajara ta daina yi mini magana, dangi suka ce na tarwatsa gidan Musulmi saboda kare. Har yau akwai gidajen da ba a gayyata ta biki. Ban damu ba a lokacin, yanzu ma ban damu ba.

Ana gobe jirginsu zai tashi Tanimu ya zo da kansa. Bai shigo ba, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce Baba ya yafe masa don Allah. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Na aikina da idona, na yafe maka," in ji shi. "Ubanka ya shayar da ni ruwa a hanya. Amma wutar nan ba a jikina ka sa ta ba. Wanda ka ƙona ba ya nan, kuma bai bar mini sallahu ba. Ka jira ku haɗu."

Tanimu ya juyo wajena. Na ce ni ko nawa ban yafe ba, na rufe ƙofa.